KAMA DA WANE BA WANE BA NE: A YI HATTARA DA KALMOMIN INGILISHI

Zuwa ga ƴan'uwa na rassan Afala, Barmu, Takanamat, Tebaram, Kalfu, Bambai da cikin garin Tawa. Sakataren kowane reshe ya karanta wannan takarda da ƙarfi a gaban jama'a ran kasuwa da maraice, don wanda bai yi boko ba shi ma ya ji da kunnensa, gama shi aka fi cuta.

Ƴan'uwa, akwai wata ƴar magana da ke cin dukiyar talakawa kamar fara, ba kuwa mai kai ƙararta. Maganar ita ce: "Duk ɗaya ne." Ita ce maganar ragon tafinta, ita ce maganar dillalin da ke sauri, ita ce maganar ɗan bokon da ke jin kunyar ya ce bai sani ba. Yau da ita muke faɗa.

Ku ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗan ƙanena ya tafi bida Kumasi, kamar yadda samarin Adar suka saba tun kakanni, yana dako wurin masu sauke albasa. Wani abokinsa ya nemi kuɗi wurin mai ba da bashi da ruwa, aka ce sai ya kawo mutum guda. Ya ja yaron nan ya ce masa, "Zo ka yi mini shaida." Aka shimfiɗa takarda da Ingilishi. Yaron ba wawa ba ne, ya tambayi wani mutumin wajenmu da ya daɗe can, mai taƙamar ya ji Turanci, ya ce, "Yaya, nan da zan dangwala, wurin shaida ne?" Wancan ya leƙa sama-sama ya ce, "Dangwala kawai, ƙanena, duk ɗaya ne."

A ƙasan takardar kuwa layi biyu ne. Ɗaya an rubuta "witness", ɗaya an rubuta "guarantor". Na farko shi ne shaida: na gani da idona, ba ruwana da biya. Na biyu shi ne mai lamuni: in ya gudu, ni zan biya. Yaron ya dangwala a layi na biyu. Kafin damina abokin ya ɓace. Sai da ƙanena ya kora shanun nomansa biyu zuwa kasuwar Tawa kana aka ƙyale ɗansa. Tsakanin layukan nan bai fi faɗin yatsa ba, amma shanu biyu suka faɗa ciki.

INA RUWANMU DA INGILISHI?

Wani zai ce, mu mutanen Nijar da Faransanci ya dama, ina ruwanmu da Ingilishi? Ruwanmu ne tsundum. Mutum ya bar Ƙonni ya taka Illela, takardar da za a miƙo masa ta Ingilishi ce. Albasar Galmi da ke sauka Kumasi da Ankara, da Ingilishi ake rubuta rasiɗinta. Ƙungiyoyin waje masu zuwa da maganar rijiya da iri da rance, da yawansu takardunsu na asali da Ingilishi suke.

Sa'an nan ga babban dalili. A watan Maris na 2025 aka kafa kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Kafin nan, tsarin mulki na 2010 ya ce Faransanci ne harshen hukuma. Mun yi murna, murnar kuwa tana kan hanya. Amma ku lura, ko a nan kalmomi uku ne, ba ɗaya ba. A Ingilishi ana cewa "national", ana cewa "official", ana cewa "working". Na farko harshen da ƙasa ke kiran nata ne. Na biyu harshen da doka ke fita da shi ne. Na uku harshen da akawu ke cika takarda da shi ne a ofis. Muddin takardar da ke ɗaure mutum ba da harshensa take ba, to an naɗa wa Hausa rawani ne, amma mabuɗin rumbu yana aljihun wani.

Akwai kuma masu yawo suna cewa wai Faransanci ne harshen mulkin mallaka, shi Ingilishi harshen ciniki ne kawai, wankakke, ba dauɗa. Haba! Su je Kano da Sakkwato su tambaya da wane harshe aka ba sojan da suka ci garuruwan nan umurni a 1903. Ba mu ce a guji Ingilishi ba. Cewa muka yi a koye shi da ido buɗe, kamar yadda ake kama maciji: ta kai.

KALMAR DA TA YANKA ƘASAR HAUSA BIYU

Mu fara daga ƙofar gidanmu. Iyakar nan da ta raba ɗan Ƙonni da kawunsa na Illela, ba daga sama ta faɗo ba. Daga takarda ta fito.

A 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Ingilishi na kogin Kwara, ya koma da takardun yarjejeniya. Sakkwato ta ɗauki abin izinin ciniki ne. Kamfani ya ɗaga takardun a Turai kamar an miƙa masa ƙasa. Da wannan hujja, ran 5 ga Agusta 1890, Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tabkin Cadi. Suka rubuta cewa za a ja layin yadda ɓangaren kamfani zai haɗa duk abin da, da kalmominsu, "fairly belongs" ga daular Sakkwato.

To, mene ne "fairly"? In ta zo gaban siffa, kamar "fairly good", ma'anarta da dama-dama, ba laifi. In ta zo gaban aikatau, kamar a nan, ma'anarta bisa adalci. Madalla, bisa adalci. Amma adalcin wa? Wa zai auna? Adar ta Sakkwato ce bisa adalci? Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri fa, waɗanda suka shekara da shekaru suna yaƙi da Sakkwato? Ba wanda ya zo Tawa ya tambaya, ba wanda ya je Maraɗi. An zaɓi kalmar ne don tana miƙewa kamar danƙo, mai ƙarfi ya ja ta inda ya so.

Har da ba'a aka haɗa mana. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, ya gaya wa majalisarsu cewa abin da aka bar wa Faransa shi ne irin ƙasar da manoma ke kira "very light land". Kalmar "light" tana nufin haske, tana nufin abu marar nauyi, a bakin manomi kuma tana nufin jigawa. Nufinsa, sun ɗauki tsoka sun bar wa Faransa rairayi. Rairayin nan da ake dariya a kansa, a cikinsa kakanninmu ke kwance.

Da danƙon ya ƙi tsayawa, sai suka sake zama ran 14 ga Yuni 1898. Wannan karo suka kafa tsinke a tsakiyar birnin Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, wajen kilomita 160. Ƙonni ta faɗa ɓangaren Ingila, Tawa ta tsaya waje. Faransawa masu zuwa Damagaram daga bakin Kwara sai da suka riƙa zagayowa ta Filinge da Tawa, hanya mai ƙarancin ruwa. Suka yi ta kuka, aka sake gyara layin a 1904 da 1906, Ƙonni ta dawo ɓangaren Faransa. Shekara 16 ana jan ƙasarmu gaba da baya kamar tabarma, farkon abin kuwa kalma guda ce da ba a ɗaure ma'anarta ba.

MULKIN KAI IRI BIYU NE

Da guguwar neman ƴanci ta taso, sai aka fito da wasu tagwayen. Ingilishi yana da "self-government", yana da "independence". Faransanci ma haka, "autonomie" da "indépendance". A bakin jama'a sau da yawa duka biyun "mulkin kai" aka kira su, nan kuwa aka yi kuskure. Na farko shi ne a bar maka shara da tuwon gidanka, amma mabuɗin zaure da bindiga da jakar kuɗi suna hannun wani. Na biyu shi ne gida naka ne har zaure.

A Nijar, ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar "i" ko "a'a". Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce a'a. Aka bayyana cewa "i" ta ci da kashi 78 cikin 100. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kira Nijar jamhuriya, amma harkokin waje da tsaro da kuɗi da ma'adinai masu muhimmanci suna hannun tarayyar da Faransa ke shugabanta. Cikakken ƴanci sai ran 3 ga Agusta 1960. Gine da ta ce a'a, ran 2 ga Oktoba 1958 ta sami nata. Da duk ɗaya ne, da ba mu tashi mun tarar da ranaku biyu ba.

A Nijeriya kuwa har jini ya zuba. Ran 31 ga Maris 1953, a majalisar wakilai ta Ikko, wato Legas, Anthony Enahoro ya kawo shawara cewa a nemi "self-government" a shekarar 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya tashi ya ce a cire 1956 a sa "as soon as practicable". Yana da dalilinsa: Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin boko, yana tsoron Bature ya fita wani ya shigo. Ba shari'ar wannan muka zo yi ba. Kalmar muke so ku duba.

Ingilishi yana da ƴan uwa uku masu kama: "possible", "practicable", "practical". Na farko, abin da zai yiwu. Na biyu, abin da za a iya aiwatarwa da kayan da ke hannu da halin da ake ciki. Na uku, abin da ke da amfani a aikace, ko mutum mai aiki da hannu ba mai surutu ba. Haƙa rijiya a kan dutse yana iya zama "possible", amma ba "practicable" ba ne ga mai dagi da kwando. Shekarar 1956 ko makaho ya san ranar da za ta zo. Amma "practicable" ba ta cikin kalanda. Sai wani ya ce lokaci ya yi, to wane ne wanin?

Kowa a majalisar ya gane haka, shi ya sa taro ya watse. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titin Ikko. A watan Mayu na shekarar rikici ya ɓarke a Kano, mutum 36 suka mutu bisa lissafin hukuma. Daga baya Gabas da Yamma suka sami "self-government" a 1957, Arewa ran 15 ga Maris 1959, kuma ko a ranar Gwamnan Kaduna Bature ne, tsaro da harkokin waje suna hannun Ingila. "Independence" sai ran 1 ga Oktoba 1960. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, tambaye shi, to me aka zauna jira wata goma sha takwas?

DOLE, YA KAMATA, IN YA GA DAMA

Yanzu ga ƙananan da suka fi kowa dafi. Ingilishi yana da wasu ƴan kalmomi da ke tsayawa gaban aikatau: "shall", "must", "should", "may". Ɗan makaranta yana tsallake su kamar tsakuwa, alhali su ne igiyar takarda.

A hira, "I shall come" ba ta wuce "zan zo" ba. Amma a takardar doka ko ta yarjejeniya, "shall" dole ce, daidai da "must": ka ƙi, a kai ka gaban alƙali. "Should" ya kamata ce: ka ƙi, sai dai a yi maka tsegumi. "May" tana da fuska biyu: ko dai an ba ka izini in ka ga dama, ko kuwa mai yiwuwa abin ya faru. Saboda haka in takarda ta ce manomi "shall" biya ran kaza, kamfani kuwa "may" sayi amfanin gonarsa, to an ɗaure manomi da sarƙa, an ɗaure kamfani da zaren gizo.

Kada ku ce wannan ƙaramin abu ne. A 1889 Sarki Menelik na Habasha ya yi yarjejeniya da Italiya a Wucale, aka rubuta ta da harsuna biyu. Sashe na 17 a harshen Amhara ya ce sarki yana iya bi ta hannun Italiya in zai yi magana da sauran ƙasashe. A harshen Italiya kuwa aka mai da shi wajibi, Italiya ta shaida wa Turai cewa Habasha ta shiga ƙarƙashinta. Menelik ya yi watsi da takardar. Ba a raba gardamar ba sai a filin daga na Adwa, ran 1 ga Maris 1896, inda Habashawa suka karya rundunar Italiya. Dubban mutane suka mutu tsakanin "yana iya" da "dole".

Kada kuma ku ce wannan labarin da ne. Ran 12 ga Disamba 2015 ƙasashen duniya suka taru a Paris don amincewa da yarjejeniya kan maganar ɗumamar yanayi, maganar da ta shafi kowane mai gona a Adar da ke kallon sama yana jiran hadari. A sashe na 4 an rubuta cewa ƙasashe masu arziki "shall" ci gaba da jan gaba wajen rage hayaƙin da suke turawa sama. Wakilan Amurka, ƙarƙashin John Kerry, suka gani suka ce ba su amincewa sai an mai da ita "should". Aka tsai da taron duniya ɗungum. Daga bisani aka ce wai kuskuren masu buga takarda ne, aka canja, aka tafa. Jama'a, in ƙasa kamar Amurka, da lauyoyinta ɗari-ɗari, za ta tsai da duniya saboda kalma guda, kai wane ne da za ka dangwala don wani ya ce duk ɗaya ne?

ƳAR MITSITSIYA MAI HARUFFA UKU

Akwai wadda ta fi waɗannan ƙanƙanta: "the". Aikinta shi ne aikin da "n" da "r" ke yi a ƙarshen suna a Hausa. In alƙali ya ce wa ɓarawo, "Mayar da shanun da ka kora," ya san duka ake nufi. In ya ce, "Mayar da shanu," sai ya kawo uku ya riƙe bakwai ya ce ya cika umurni.

Bayan yaƙin watan Yuni na 1967, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 242 ran 22 ga Nuwamba. Wakilin Ingila, Lord Caradon, wanda ya taɓa zama Babban Sakataren gwamnatin mulkin mallaka a Ikko, shi ya gabatar da shi. Nassin Ingilishi ya ce sojan Isra'ila su janye daga "territories" da aka mamaye, ba a sa "the" ba. Nassin Faransanci ya ce "des territoires", wanda ake iya karantawa "daga yankunan". Ɓangare ɗaya ya riƙe na Ingilishi ya ce wasu yankuna ake nufi, ɗaya ya ce dukansu. Fiye da shekara 50 ana wannan gardama. Haruffa uku!

MU DAWO KASUWA

Waɗancan na manya ne. Ga namu na yau da kullum, kowa ya riƙe.

Wutsiyar kalma tana nuna wa ke sama wa ke ƙasa. Mai ƙarewa da "er" ko "or" galibi shi ne mai yi, mai ƙarewa da "ee" shi ne wanda aka yi wa. "Employer" ubangida ne, "employee" ɗan aiki. "Lessor" mai ba da haya, "lessee" mai karɓar haya. "Payer" mai biya, "payee" wanda za a biya. Duba wace wutsiya aka liƙa wa sunanka.

"Borrow" karɓar aro ne ko rance, "lend" bayarwa ne. "Loan" bashi ne, za a biya. "Grant" kyauta ce. Amma "aid", wato taimako, buhu ne da ake zuba duka biyun a ciki. In aka ce an kawo wa ƙauyenku "aid", ku kwance bakin buhun ku gani. "Interest" a hira sha'awa ce, a takardar bashi kuwa kuɗin ruwa ne.

"Lease" haya ce mai wa'adi, gona tana nan taka. "Sale" sayarwa ce, gona ta tafi har abada. "Deposit" kafin alƙalami ne ko ajiya, ba cikakken biya ba. In mai ɗaukar ma'aikata ya ce albashi "up to" kaza, nufinsa ba zai wuce nan ba, yana iya zama rabinsa. "At least" ita ce mai cewa ba zai gaza nan ba. Samari masu tafiya bida, wannan taku ce.

AMSA GA MASU GARDAMA

Na san abin da za a ce. Na farko: wai Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki wannan ƙwaƙƙwafi, dole a bar takarda da harshen Turawa. Ƙarya ce! Wace tsohuwa ce a Afala ba ta san bambancin aro da rance ba? Ka ari jaki, jakin nan za ka mayar. Ka ranci hatsi, wani hatsin za ka mayar. Ingilishi da ake yi mana taƙama da shi, "borrow" guda yake da ita ga duka biyun. Muna da jingina, muna da haya, muna da sayarwa, muna da kyauta, muna da gado, kowace da hukuncinta tun kafin Bature ya ga Kwara. Daga saiwa guda muna cewa ya saya, ya sayar, ya sayo, ya saye, ya sayu, kowace da inda ta dosa. Harshen da ya iya wannan ba zai kasa raba dole da ya kamata ba. Ba Hausa ce matalauciya ba, tafintan ne rago.

Na biyu: wai wannan aikin lauyoyi ne, talaka ya bar wa masana. To, shanun wa aka sayar? Na lauya? Wanda wuyansa ke cikin igiya shi ya fi kowa hakkin sanin irin ƙullin.

Na uku: wai muna zubar da mutuncin ƴan bokonmu. A'a. Ɗan bokon da ya ce, "Baba, wannan kalma ban tabbata ba, bari mu tambaya," mun ɗaga masa hula, ɗa ne na halak. Wanda muke faɗa da shi shi ne mai ƙaramin sani, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Ya fi son a sayar da shanun wani da a ce bai iya ba.

ABIN DA KOWANE RESHE ZAI YI

1. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar Ingilishi ko ta Faransanci sai an karanta masa ita layi-layi da harshensa, Hausa ce, Tamajak ce ko Fulatanci. Mai karantawar kuma ya zama ba shi da ko dala a cikin cinikin.

2. A yi wa kowace takarda tambaya uku. Wa zai yi? Dole ne, ko ya kamata, ko in ya ga dama? Wace rana? Takardar da ta ɗaure ka da rana ta bar abokin cinikinka ba rana, ajiye ta.

3. Duk tafintan da ya ce duk ɗaya ne, a ce masa, "In ɗaya ne, don me mai takardar ya ɓata tawada ya rubuta biyu?" In ya kasa amsawa, a nemi wani.

4. Kowane reshe ya sayi littafin rubutu guda. Ƴan bida da suka dawo daga Nijeriya da Gana su faɗi kalmomin da suka taɓa cutarsu ko suka ga sun cuci wani, a rubuta su bibbiyu, kowace da kishiyarta da ma'anarta da Hausa. A riƙa karanta shafi guda a kowane taro, musamman bayan girbi, kafin samari su ɗaura kaya.

5. Duk mai zuwa da takardar gona, ta rijiya ko ta rance, hukuma ce ko ƙungiya, a nemi ya kawo ta da Hausa, kuma a rubuta a jikinta cewa ta Hausar tana da ƙarfi daidai da ɗayar. Tun da an ce Hausa harshen ƙasa ce, ba roƙo muke yi ba. Amma a gwada nassin biyu kafin a sa hannu, kada a manta da abin da ya sami Menelik.

6. Malaman makaranta, don girman iyayenku, kada ku koya wa yara Ingilishi kamar lissafin kaya, wannan sunan wancan. Ku koya musu inda kalmomi masu kama suka rabu. Yaron da ya san bambancin "shall" da "may" ya fi amfani ga garinsu da wanda ya haddace kalma dubu bai san mai cizo a cikinsu ba.

Ƴan'uwa, kakanninmu ba a tambaye su ba aka ja layi a kan gonakinsu, ba su da laifi, ba su ga takardar ba. Mu kuwa takardar tana zuwa har zaurenmu, ana miƙo mana tawada. In muka dangwala ba mu tambaya ba, laifin namu ne. Matambayi ba ya ɓata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi. Kada a ƙunsa goro da wannan takarda.

Daga Sakataren Wayar da Kai, Afala.